Ranar da Motar Baharom Ta Tafi Biki Ita Kaɗai

A benen Seri Kenanga, can bayan tashar jirgin ruwa ta Butterworth, kowane magidanci da abin da yake hura hanci da shi. Wani ɗansa likita ne, wani ya je Makka sau biyu, wani kuwa Allah bai ba shi komai ba sai gashin baki, shi ma yana murza abinsa. Baharom bin Sudin rangwame gare shi. Kashi hamsin da biyar cikin ɗari, iyakar abin da kamfanin inshora ke rage wa mai mota idan ya jera shekara biyar bai je musu da kukan karo ba. Daga nan babu gaba, sai dai ka riƙe. Ranar kuwa da ka ce su biya maka gyara, ko da na fitila ɗaya ne, sai su share duka, ka koma ƙasa ka sake hawa kamar wanda ya karɓi lasin jiya.

Baharom ya kai ƙololuwar nan tun 'yarsa Norlida tana firamare. Ya zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai har yarinya ta gama makaranta, ta yi aure, ta haifi biyu. Mota uku ya canza, rangwamen na binsa daga wannan zuwa waccan. Idan baƙo ya yi kuskuren zama kusa da shi a rumfar shayi, kafin kumfar kofinsa ta kwanta ya ji labarin.

Ba a cikin mota aka haife shi ba, shi ya sa. Ubansa keken haya mai ƙafa uku ya yi ta tuƙawa a bakin tasha har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Shi kuma ya ƙare ƙuruciyarsa yana akawun kaya a tashar jiragen ruwa, yana kallon motocin mutane ana sauke su, bai riƙe sitiyarin kansa ba sai da furfura ta fara leƙowa. Saboda haka motarsa ba ta fita in hadari ya haɗo. Ba ta hawa gadar Penang ranar hutu. Ba ta ɗaukar durian, ɗan itacen nan mai wari, ba ta ɗaukar kifi, jikoki ma sai an duba tafin hannunsu kafin su shiga. Matarsa Kamsiah ta tsufa a cikin bas da kwandon cefane a cinya, mota tana gida lulluɓe da mayafi.

Babbar dokar ita ce ta la'asar. Duk inda Baharom yake, ko biki ko jana'iza, kafin la'asar ya dawo ya kama gurbinsa, can saman fili a jikin katanga. Kamsiah takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ƙarshen biki ba, sai dai a ba ta labari.

Motocin benen ne suka ninka guraben ajiya. Wanda ya makara sai ya gitta tasa a bayan na mutane, ya miƙe tayoyi, ya bar ta a firi, ya saki birkin hannu, ya haye sama abinsa. Da safe wanda aka tare ya sa kafaɗa ya tura ta gaba kaɗan, ya fice. Ba faɗa, ba neman izini. Sai dai a ƙasan filin, wajen ƙofar shiga, ƙasa ta ɗan gangara, don haka akwai tarin gutsattsarin bulo a gindin rumfar shara. In a can ka ajiye, sai ka ɗauki ɗaya ka sa ɗan gaba da tayarka, yadda in an tura motar za ta je ta tokare. Yaran da ba su iya fyace majina ba sun san wannan. Baharom bai sani ba. Ina zai sani? Shi da yake kiran abin “ajiyar marasa tarbiyya”, ƙasan filin ma in zai wuce kawar da kai yake yi.

Ana saura 'yan watanni abin ya faru, Norlida ta zo sabunta masa inshora a wayarta kamar yadda ta saba.

“Abah, akwai wani ƙari da suke sayarwa,” in ji ta. “Ka ɗora kuɗi kaɗan, in tsautsayi ya faɗa maka sau ɗaya a shekara, su cike maka asarar rangwamen. In danna?”

“Nawa ne kaɗan ɗin?”

Ta faɗa masa. Bai kai kuɗin shayinsa na wata ɗaya ba.

“Wato in biya su don su kare ni daga kaina?” Ya cire tabarau ya dube ta. “Ni da ko kaza ban taɓa takawa ba? Wannan na irin mijinki ne, mai juya mota da hannu ɗaya yana ɓare ayaba da ɗayan.”

“Ba kai kaɗai ne a titi ba, Abah.”

“Shi ya sa ba na hawa titin.”

Kamsiah ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. “Ƙyale shi, Lida. Motar da ba ta zuwa ko'ina me zai same ta? Sai dai gara.”

Ba a danna ba.

Wata Asabar ya dawo daga asibitin ido a kan lokacinsa, ya tarar gurbinsa ya ɓace. Rumfunan biki ne fari fat tun daga katanga har tsakiyar fili, an jera kujeru, an girke tukwane. Mak Cik Zaiton, wato Gwaggo Zaiton, ta hawa na biyu ce za ta aurar da autanta Hafizul washegari. An yi sati ana shela a masallaci, amma Baharom ya ɗauka rumfa za ta san gurbinsa ta kauce.

Ya zuge gilashi. “Zaiton! A ina zan ajiye?”

“A inda 'yan Adam ke ajiyewa, Baharom. Ko in sa a shimfiɗa mata katifa a falona?”

Ya zaga, ya sake zagawa. Babu wuri sai can ƙasa, bayan wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka. Ta Letchumy ce, mai ɗinki a hawa na uku, wadda ta saye ta don kai mahaifinta wankin ƙoda. Baharom ya gitta tasa a bayanta. Ya miƙe tayoyi yadda ya ga ana yi, ya sa a firi. Da ya zo sakin birkin hannu sai da ya karanta duk addu'ar da ya sani. Motar ba ta motsa ba, don wani ɗan tudun kwalta ya riƙe tayar gaba. Ya fito, ya ga tarin bulo a gindin rumfar shara, ya yi tsaki ya ce ma'aikatan gari ba sa kwashe tarkace. Ya haye sama.

Da hantsin Lahadi yana gaban madubi yana ɗaura zanen biki a ƙugu, ƙanshin shinkafa mai mai da naman rendang ya cika bene, masu bandiri suna gwada hannu, sai ya ji ihun mace.

“Ku tare! Wayyo, ku tare ta!”

Ya fito baranda da zane a hannu. Can ƙasa motarsa ce ke tafiya, ba kowa a ciki. Ba gudu take ba, tafiya take a natse kamar dattijuwar da aka gayyata. Letchumy na bayanta ta riƙe bamba da hannu biyu, takalmanta na jan ƙasa. A bakin ƙofa kuwa motar ango ce a tsaye, doguwar baƙar motar Jamus, an yi mata ado da furanni da farin ƙyalle. Ba ta Hafizul ba ce. Ubangidansa Tauke Lau, mai shagon kayan gini, shi ya ara masa don ɗauko amarya.

 Motar ta ƙara sauri, ta fizge daga hannun Letchumy, ta bar ta durƙushe a kwalta.

Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Ƙum, sai tartsatsin gilashi. Bandiri ya tsaya.

Bai san yadda ya sauko ba. Ya kutsa cikin mutane ya tarar hancin motarsa ya shige kumatun ta Jamus. Fitilar babbar motar ta tarwatse, ƙofa ta lotsa, furanni sun zube cikin gilasai. Ango na tsaye da rawaninsa a karkace. Zaiton ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan kakanninta ɗaya bayan ɗaya.

“Pak Cik, ni ce,” in ji Letchumy, haka suke kiran dattijo, kamar a ce Kawu, gwiwarta na jini. “Kaɗan na tura, na rantse kaɗan. Appa, babana, yana cikin mota, lokacin wankinsa ya yi. Na ɗauka za ta tokare.”

Wani tsoho cikin masu dafa shinkafa ya sunkuya yana leƙen inda motar ta kwana. “To ina bulon? Ko ta tsallake shi ne?”

Mutane suka shiga dube-dube. Baharom ya dubi wannan, ya dubi wancan.

“Wane bulo?” ya ce.

Wallahi da ƙuda ya gitta a lokacin da an ji fukafukansa. Mutumin da ya fi shekara talatin a benen! Zaiton ta sauke hannu daga ka, ta dube shi tun daga hula har silifa.

“Wane bulo, in ji shi. Jama'a ku ji mini. Wane bulo!”

Kamsiah ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta kama hannun Letchumy ta ce, “Tafi ki kai tsoho, 'yar nan. Ƙoda ba ta jiran fitila. In kin dawo a yi magana.” Aka nemo wata motar aka tura ango ɗaukar amarya, aka kira Tauke Lau a waya.

Da ya zo, da ma ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Ya zaga motarsa hannu a baya, ya shafa ƙofar, ya tsince fure ɗaya daga cikin gilashi.

“Encik Baharom, fitilar nan daga waje ake kawo ta,” ya ce a hankali. “Ita kaɗai ta fi motarka tsada, kada ka ji haushi. Ni ban damu da wanda zai biya ba, kamfaninka ko na wani. Amma doka ta ce a kai rahoto wurin 'yan sanda kafin kwana ya zagayo. Bayan la'asar ɗinku ina can. Ku zo da magana ɗaya.”

Biya daga aljihu ya fita daga lissafi ke nan. Baharom ya shiga ƙirga da yatsu. Shekarunsa sittin da takwas. Shekara biyar na sake hawa, da idon da likita ya fara yi wa gargaɗi? Ba kuɗin ne kaɗai ba. Gobe ya shiga rumfar shayi ya ce shi wane ne?

Wani ya taɓa masa kafaɗa. Shukor ne mai janwe, wanda ba wanda ya kira shi. Ba a kiran Shukor. Karo yana yi masa ƙanshi daga nesa kamar yadda soyayyen kifi ke yi wa kyanwa, kuma kowace motar da ya ja zuwa gareji yana da lada a kai. Ya ja Baharom bayan rumfa, ya miƙa masa ruwan sanyi.

“Pak Cik, kashi nawa gare ka?”

“Hamsin da biyar.”

Shukor ya yi fito. “Kai! Tun yaushe?”

“Tun ba ka iya ɗaura wando ba.”

“To ai zunubi ne a bar shi ya zube. Saurara. Wa ya ga farkon abin? Ba kowa, duk suna kan tukwane. Mota aka gani tana gangarowa. In aka rubuta cewa matar nan ta yi baya da motarta ta daki kusurwar taka, taka ta gangara, shi ke nan. Laifi nata, kamfaninta ya gyara ta Tauke ya gyara taka. Rangwamenka ko ƙwarzane.”

“Amma ai da hannu ta tura.”

“Hannu ba shi da inshora, Pak Cik. Mota ke da shi.”

“Bulon fa? Kowa ya ji.”

“Ɗan sanda bai san bulo ba. Babu bulo a littafin doka.” Ya matso. “Ita nata rangwamen nawa ne? Bara ta fara, ɗan mitsitsi ne. Ta rasa shi, ta biya tara, kai kuma ka ɗan share mata hawaye a bayan fage. Ƙaramin abu ya mutu, babba ya rayu. Wa aka cuta?”

Baharom bai ce e ba. Amma bai ce a'a ba, kuma Shukor ya daɗe a sana'ar nan, ya san ma'anar shirun dattijo.

Aka kawo amarya, bandiri ya dawo, aka zuba shinkafa. Karon farko ke nan da Baharom ya zauna a biki ba ya duba agogo don gudu gida, sai ga shi yana ta juya shinkafa a faranti. Duk wanda ya gitta sai ya ce, “Sannu da jaje, Pak Cik,” ya juya yana danne dariya. Wani shaƙiyyi ya tambaye shi ko a ƙara masa nama ko bulo. Norlida ta kira, ya ga sunanta, ya kife wayar.

Kamsiah ta zauna kusa da shi tana cin abincinta hankali kwance.

“Abang, me mai janwen nan yake raɗa maka?”

“Maganar gyara ce.”

“Gyaran mota ko gyaran magana?”

“Ci abincinki.”

“Ina ci. Yau dai zan ga ƙarshen biki, ko da a ofishin 'yan sanda ne.” Ta suɗe yatsa. “Yarinyar nan ita ta ɗinka maka rigar da ke jikinka, ta ƙi karɓar kuɗin maɓalli. Na dai tuna maka ne.”

Rigar ta fara yi masa ƙaiƙayi a wuya.

Rana ta karkata lokacin da Letchumy ta dawo. Ta hau da mahaifinta sama a hankali, ta sauko da ƙyalle ɗaure a gwiwa. Shukor ya tare ta tun a matakala, kafin ta iso wurin Baharom ya gama karanta mata. Ta tsaya a gabansa tana murza bakin mayafinta.

“Pak Cik, in haka zai fitar da kai, na yarda. Ni na tura. Ban duba ba, ina sauri.”

“Kin san za su share miki naki?”

“Nawa ai bai kai a yi kuka a kai ba. Naka fa tun ina 'yar makaranta nake jin labarinsa.” Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. “Sai dai ban iya ƙarya a gaban ɗan sanda ba, bakina rawa yake. Ku faɗa mini abin da zan ce, in haddace.”

Da ta yi gardama, da ta zage shi, da Baharom ya samu abin riƙewa. Sai ta miƙa wuya kawai. Ya dubi ƙasa. Aka kira la'asar a masallaci, kiran ya shige shi kamar allura. Tauke Lau na can yana jira.

“Saura abu ɗaya,” in ji Shukor. “Sajan zai fito ya duba motoci. Dole a ga tabo a bayan tata, a ga ɗan'uwansa a kusurwar taka. Kawo ta bayan rumfar shara, 'yar'uwa, inda ba idanu.”

Ta kawo ta. Su uku suka tsaya a bayan 'yar motar, ƙudaje na shawagi, kiɗan biki na zuwa daga sama. Baharom bai taɓa tsayawa kusa da ita haka ba, amma ya san ta sarai. Kowace Lahadi yana baranda yana kallon Letchumy tana saukowa da bokiti daga hawa na uku tana wanke ta. Shi ne ma ya taɓa yi mata tsawa daga sama cewa ta daina sa soso, ta nemi tsohuwar riga mai laushi, ta kuwa nema. Ga furen yasmin rataye a madubi. Ga fenti yana ɗaukar ido. Duk benen nan, in ka cire tasa, ita kaɗai ce motar da ba ta da ko ƙwarzane. Tasa kuwa yanzu an cire ta.

Shukor ya tsuguna ya auna tsayin bamba da tafin hannu. Ya miƙa hannu cikin tarin nan ya zaɓo rabin bulo mai kaifin baki, ya jinjina shi.

“Juya baya, 'yar'uwa, in ba ki son gani. Sau ɗaya ne.”

Letchumy ta rufe ido da hannu biyu. Shukor ya ɗaga bulo sama.

“Kai!”

Baharom, tsohon da ke hawa bene yana hutawa a kowane hawa, shi ne ya yi tsalle ya cafke wuyan hannun ƙato. Bulon ya tsaya a iska.

“Pak Cik, lafiya?”

“Ajiye.”

“Ɗan tabo ne fa, fanel bita zai...”

“Fentin kamfani ne wannan, ɗan banza! Ba a taɓa shi ba! In ka fasa shi har abada ba ya komawa yadda yake. Ajiye, na ce!”

“To rangwamenka fa?”

Baharom na haki, bai saki hannun ba. Ya dubi bulon. Shi ne dai abin da ya kamata ya ɗauka jiya, da hannunsa, ya sa a gaban tayarsa. Ya murɗe shi daga hannun Shukor ya rungume a ƙirji.

“Letchumy, buɗe idonki. Kai ni ofishin 'yan sanda. Ki tafi a hankali, ban da taka birki da ƙarfi.”

Daga baya liman ya ce tsoron Allah ne ya motsa a zuciyar bawansa, aka yi ta gyaɗa kai. Allah ya sa haka ne. Amma waɗanda suka san Baharom sun san da bayan motar nan a ƙwarzane yake, da wataƙila labarin ya canza. Kowa da ƙofar da Allah ke shigo masa, shi ta fenti aka shigo.

A ofishin, sajan ya ɗago ya ga dattijo cikin kayan biki rungume da rabin bulo.

“Pak Cik, wannan fa? Makami ne?”

“Shaida ce. Shi ne ban sa ba.”

Ya faɗi komai tiryan-tiryan: rumfa, firi, birkin hannu, gangara. Letchumy ta buɗe baki za ta ce ita ta tura, ya ɗaga mata hannu. “Ta tura kamar yadda kowa ke turawa. Ni ne na ajiye kamar yadda ba wanda ke ajiyewa.” Sajan ya rubuta, ya yanka masa tara, ya tambaye shi ko wannan ne karonsa na farko.

“Na farko,” in ji Baharom, muryarsa ta karye a tsakiya. Tauke Lau da ke zaune a benci ya kawar da kai, ya yi kamar yana karanta sanarwar bango.

Kamfani ya biya. Aka kawo fitila daga waje, aka miƙe hancin motar Baharom. Da lokacin sabuntawa ya zo, Norlida ta nuna masa wayar, ya ga kuɗin inshora cif, ba a rage ko sisi ba. Ya daɗe yana kallo.

“Faɗi,” ya ce. “Na san yana cin ki.”

“Ban ce komai ba, Abah.”

“Da kin danna abin nan, da yanzu fa?”

“Da sun cike maka na bana.”

Kamsiah ta ce a tsaya. Ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma cefane ya koya mata lissafi. Ta ce in da tun farko yake biyan ƙarin nan kowace shekara, duk tsawon shekarun da ko sauro bai faɗa wa motar ba, abin da zai zuba da abin da ya rasa yanzu kusan kunnen doki ne. “Kamfani ba kakarka ba ce, Abang, ba sa sayar da abin da za su faɗi. Amma da ka biya, da wataƙila ka bar ni na ga ƙarshen biki tun da sauran haƙorana. Wannan ne ba ka sa a lissafi ba.”

 Can Baharom ya ce, “To danna mini shi bana.”

Norlida ta duba, ta cije leɓe, dariya ta ƙwace mata. “Abah, sun ce sai mai rangwame. Kai ba ka da abin da za a kare.”

Ya yi sati bai je rumfar shayi ba. Da ya koma, ya tarar an canza masa suna, yaro da babba Pak Cik Bulo. Ya yi fushi, ya gaji, ya fara amsawa. Wata ranar Laraba kuma, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Kamsiah a gaban mota da kwandonta, za su Taiping wurin ƙanwarta. Ba su dawo ba sai da magariba. Gurbin jikin katanga wani ya kama. Baharom ya gitta motarsa a ƙasan fili, ya buɗe but ya fito da rabin bulon nan, wanda ya shafa wa farin fenti ya rubuta sunansa a jiki don kada wani marar tarbiyya ya ɗauka.

Tuƙin dai bai canza ba, har yau keke na wuce shi. Durian ma har yau a bas take zuwa. Abin da ya ƙaru shi ne ya sami sabon wa'azi, kuma Letchumy ce ke shan shi. Duk Lahadi in ta sauko da bokiti yana baranda.

“Ke! Kin sayi ƙarin nan kuwa? Kullum kina hanyar asibiti, ga masu babur kamar ƙudaje. Irinku aka yi wa shi, ba irina ba!”

“Na saya, Pak Cik, tun da ka hana ni sakat!” Ta matse tsohuwar rigar, ta ɗago tana kare rana da hannu. “Kai fa, kashi nawa bana?”

Ya gyara tsayuwa, ya dubi hagu da dama ko akwai mai ji.

“Ashirin da biyar.”

“Ayya. Ka dage, Pak Cik, kana nan tafe. In ka bi a hankali za ka kamo ni.”